Idon Hagu na Malam Ƙarami

Unguwar Kwarbai,
Birnin Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Malam Ƙarami. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Abuja lafiya, kai da kayanka. Allah Ya sa ka shiga garin da ƙafar dama, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya haɗa ka da abokan zama nagari. Amin.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a cikin kwalin abinci, tsakanin ƙullin kuka da galan ɗin man ja. Ni na sa ta, kuma da hannuna na rubuta, ban sa ƙanwarka Rabi ba. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, ajin yaƙi da jahilci na yi, ba jami'a ba irin ta wasu. Kai ɗan fari ne, ka kuma san yadda muka taso. Ba na kiran sunanka, ba na zama doguwar hira da kai. Ko ranar da ka zo sallama ban iya ɗaga kai na dube ka sosai ba, "Allah Ya kiyaye hanya" kawai na ce, ina ta tsince shinkafar da na riga na tsince tun safe. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara da abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da labari ya zo an ɗauke ka aikin zanen gine-gine, matan unguwa suka cika mana tsakar gida, har daga Kusfa da Ƙofar Jatau. Wannan ta ce, "Inna, ashe ɗanki ne zai zana ofisoshin gwamnati a sabon birni?" Na ce, "To, haka dai na ji ana faɗa," kamar a kan ɗan maƙwabta ake magana. Amma suna watsewa na shiga ɗaki na saki labule, wallahi na yi rawa ni kaɗai har ɗankwalina ya faɗi. Ina alfahari da kai, Malam Ƙarami. Yaron da aka ce boko ba zai karɓe shi ba, shi ne da ido ɗaya ya ja layukan da suka gagari masu ido biyu. Ka karanta wannan wurin sau biyu in kana so, don ba lallai ka ji shi daga bakina ba.

To amma da ido ɗaya ka tafi garin mutane, na hagu, kuma aikinka kaf na ido ne. In wannan ya tafi babu wani a ajiye. A kansa nake wannan rubutu, shi da ƙwaƙwalwar da ke bayansa, domin su biyun nan daga tukunya ake ciyar da su, ni kuwa sai da na yi ɓarna kafin na gane haka.

Ka san ƙyanda ce ta ci idonka na dama, amma ba ka san yadda aka yi ba, don kana ƙarami, ba ka wuce shekara huɗu ba. Tun da aka yaye ka kake ɗakin kakarka, Hajiya Kaka, mahaifiyar Malam babanka. Haka ake yi, ɗan fari na kaka ne, uwa ba ta sa ido a kansa. Abincinka koko da safe, tuwo da miyar kuka da dare, miyar ma man da ke cikinta sai an yi bincike. Nama yana shigowa gidan, ba talauci muke ba, amma akushin Malam yake tafiya, can zaure inda baƙi suke. Hanta kuwa ta manya ce. Ƙwai ba a ma maganarsa, an ce yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama. Kajina suna ta yi, ina ta tarawa ana kai wa baƙi, ɗana yana kallo.

Tun kafin ƙyandar na lura da wani abu. Da rana kana ta guje-guje, amma da zarar an kira magariba sai ka nemi jikin bango ka zauna. In ka tashi sai ka yi karo da turmi, ko ka taka kwanon wani. Hajiya Kaka ta ce tsoron duhu ne, irin na Malam yana yaro. Ashe dundumi ne, ido ne yake gaya mana yana jin yunwa. Na gani da idona, na yi shiru, don matar da ta tsaya tana tambayar abin da ke damun ɗanta na fari, ranar ta zama abin hira a gidan biki.

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwa, ta kama ka. Malam yana rangadi da alƙali, lokacin yana magatakardan kotu. Aka sa ka a ƙuryar ɗaki aka rufe, aka yi maka abin da ake yi wa kowane yaro. Ba nama, ba mai, ba ƙwai, sai tsinkakken kunu, wai ƙyanda ba ta son maiƙo, in ta ji shi komawa ciki take yi. Wata rana ina suyar nama a madafa, ƙamshi ya kai maka. Na ji muryarka a dishe kana cewa, "Hajiya, a ba ni tsoka ɗaya." Ta ce, "Yi haƙuri Maigida, in ka warke har rago zan yanka maka." Ina tsaye da matsami a hannu, tsokar tana gabana. Ban kai maka ba, ban kuma ce a kai ka asibiti ba. Idanunka suka rufe suna ta ruwa, aka yi ta sa musu kwalli.

Ranar da Malam ya dawo, bai ko cire rawani ba ya shiga ɗakin, ya buɗe idon da yatsa. Na ji ya yi salati da ƙarfi. Washegari muna Kaduna, asibitin ido, ni da shi da kai.

Wata nas ce ta karɓe mu, baƙa, gajeriya, Hausarta irin ta mutanen kudancin Zariya. Ta dube ni ta ce, "Ke ce uwar yaron?" Na sunkuyar da kai, don ba a amsa irin wannan tambaya a kan ɗan fari. Ta ce, "Baiwar Allah, da ke nake. Ke kika haife shi ko ba ke ba?" Na ce ni ce, da murya kamar ta mai laifi gaban alƙali. Ta ce, "Me yake ci?" Na faɗa mata. Ta ce, "Da ya kwanta fa?" Na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Zama ta yi kusa da ni ta ce akwai wani abu a cikin abinci da ke tsaron ido, bitamin suke ce masa. Ta ce da ma yaron yana da ƙarancinsa, shi ne dundumin, ƙyanda ta zo ta cinye ɗan abin da ya rage, mu kuma muka hana shi abincin da zai mayar masa. Ta matsa maka wani mai a baki daga cikin ƙwayar magani. Ta ce na dama ya riga ya yi fari, sai haƙuri, amma na hagu za a yi ƙoƙari.

Sannan ta shiga lissafa mini: hanta, ƙwai, man ja, zogale, alayyafo, karas, mangwaro, gwanda, kabewa. Ta ce, "Ana samun waɗannan a kasuwarku?" Malam Ƙarami, kasuwa ina! Bishiyar zogale tana bayan madafata, awaki nake yanko wa ita. Abin da zai tsare maka ido yana cikin gidanmu tun ranar da aka haife ka.

Kada ka riƙe Hajiya Kaka a zuciya, Allah Ya jiƙanta. Ta binne 'ya'ya saboda ƙyanda, abin da ta gada ta yi, kuma don tana son ka ta yi. Ta yi kuka har ta fi ni. Daga baya ita da kanta take aikawa wurin mahauta a yanko maka hanta, ta gasa a kan garwashi ta tsare ka sai ka cinye. Ni kuwa muna dawowa daga Kaduna na dafa ƙwai, na ɓare, na miƙa maka a tsakiyar tsakar gida, kowa na gani. Matan ƙannen Malam suka shiga ƙus-ƙus, wata ta ce, "Oh, ni 'yasu! Za ta mai da mana jikan malamai ɓarawo." Na yi kamar ban ji ba. Yau ga ɓarawon nan, ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba, gwamnati ma ta amince masa da gine-ginenta.

Saboda haka ga abin da nake so da kai. Kada mako ya wuce ba ka ci hanta ba, ko ɗan tsinke ɗaya ne wurin mai tsire. Man jan da na sa maka ka riƙa zubawa a wake ko dafaffiyar doya, kuma kada ka bar shi a wuta har ya yi fari yana hayaƙi, amfaninsa a jan yake. Busasshen zogalen da ke cikin farin ƙyalle a inuwa na shanya shi, ka riƙa barbaɗawa a miya. An ce mini Gwarawa suna kawo ganye da gwanda bakin hanya a can, to ka saya, ba abincin mata ba ne kamar yadda ku samari kuke cewa. In Allah Ya ba ka iyali, a yi wa yara rigakafi, kuma yaron da ya kwanta ciwo a ƙara masa abinci, kada a rage. Duk tsohuwar da ta ce ba haka ba, ka ce ta zo ta same ni.

Kada ka ɗauka daga nan na yi hankali. Ido na koya, ban koyi kai ba. Da ka isa shiga firamare, da asuba kake fita makarantar allo, ka dawo ka sa yunifom ka wuce boko. Gidajen malamai irin namu ana cewa cikakken ciki yana dakushe hadda, mai neman ilimi da sauƙin ciki yake fita. Malam ya yarda da haka, ni ma na yarda. Ruwan koko kawai nake ba ka, ko ƙosai babu, ƙwan da hantar sai da rana ko da dare, su ma ba kullum ba. Sai ga ka kana gyangyaɗi a aji. Abin da aka biya maka jiya, yau ya gudu. Malaminku na aji biyu ya zo har zaure ya ce wa Malam, "Allah gafarta Malam, yaron nan kansa ba ya ja. Ga kuma lalurar ido. Da an sa shi ɗinkin riga ko wata sana'a da ya fi." Ka ji fa, ɗinkin riga, ga mai ido ɗaya! Ina bayan ƙofa ina ji, raina ya ɓaci, kuma a kanka na huce. Ranar na zane ka da maficin kaba a kan karatun da ka manta. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Da lokacin komawa Kaduna duba ido ya yi, likitan ya ja fatar idonka ƙasa ya nuna wa Malam. Ya ce, "Dubi nan, fari fat. Yaron nan ba shi da isasshen jini. Yana karyawa kafin ya tafi makaranta?" Ya ce ƙwaƙwalwa ta fi kowace gaɓa cin abinci, yaron da jininsa ya yi ƙasa, cikinsa kuma babu komai, ko wane malami aka ba shi ba zai riƙe karatu ba. Muka kamo hanyar gida a mota, ni da kai da Malam, har muka wuce Jaji. Can ya nisa ya ce, "Ashe yunwa muke ta duka."

Daga ranar na canza hannu. Kunun gyaɗa mai kauri da ƙosai kafin ka fita, wani lokaci ɗumamen tuwo da miyar da na daka busasshen kifi a ciki, wani lokaci wake. Aljihunka kuma ba ya rabuwa da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. Kafin shekara ta zagayo ka tashi daga bayan aji ka koma gaba, haddarka ta allo ma ta fi ta da. Malamin nan da kansa ya dawo zaure yana cewa, "Wane rubutu aka ba yaron nan ya sha?" Malam ya yi dariya ya ce, "Je ka tambayi tukunyar uwarsa." Ranar ma na yi rawa a ɗaki.

To kai kuma da ka shiga jami'a sai ka koma gidan jiya da ƙafarka. Rabi ta gaya mini komai, kada ka yi mata faɗa. Ta ce in zane ya kama ka, shayi da burodi ne safe da yamma, sai lemon kwalba a tsakani. Malam Ƙarami, wannan ba abinci ba ne, yaudarar ciki ce. Kan da za a ɗora wa ginin bene, in ya yi kuskuren layi ɗaya rayukan mutane ne. Ka karya kafin ka fita ofis, ko da za ka makara. Ka koyi dafa wake, ba ya rage wa namiji komai, risho ma na ga ka saya. Kifi in ka samu ka ci, an ce yana da kyau ga kai. Gishiri kuma ka sayi na leda wanda ake ta sanarwa a rediyo yana hana maƙoƙo, an ce har basirar yara yake taimako.

Saura na uku, shi ne ya fi yi mini nauyi, don wannan kana da wayo aka yi shi. Da Malam ya bar aiki ya zauna gida, ba abin da yake so kamar shayi. Ni kuwa don in faranta masa, sukari nake zubawa ba awo, fura ma sai na sa mata, baƙo in ya zo a aiko da lemon kwalba su sha tare. A ganina gata nake yi masa. Sai ya fara shan ruwa kamar ba gobe, buta ba ta hutawa, yana ci yana ramewa. Muka ce zafi ne, muka ce tsufa ne. Da ya fara cewa rubutu yana yi masa hazo, muka ce tabarau ne ya tsufa, aka canza. Kafin a gane ciwon suga ne, ya riga ya taɓa jijiyoyin idon duka biyu. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin littattafai ya koma yana shafa bangonsu da hannu yana faɗin sunayensu. Kai ka riƙa zama kana karanta masa bayan la'asar. Ka tuna abin da yake cewa in ya ji ka daɗe kana karatu? "Rufe haka nan, Malam Ƙarami. Ido ɗaya gare mu ni da kai, a yi masa tattali." Yana faɗa yana dariya, ni ina madafa ina share hawaye. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Likitan da ya duba shi ya ce ciwon yana bin jini, 'ya'yansa su yi hattara da zaƙi.

Yanzu ka saurare ni da kyau, don duk abin da na rubuta a sama shimfiɗa ce. A makonnin nan kafin ka tafi ina kallonka ta gefen ido, kai ba ka sani ba. Na ga yadda kake tsayawa gaban randa kana shan moɗa bayan moɗa. Na ga yawan ɗaukar butarka. Na ga wandon da aka ɗinka maka da ƙaramar salla yana yi maka yawa, har ka ƙara huda a bel. Kuma ranar da kake duba takardunka a bakin rijiya, na ga ka kai takarda kusa da fuska, ka janye, ka murza idon, ka sake kaiwa. Na buɗe baki zan yi magana, sai tsohuwar kunyar nan ta riƙe mini harshe, na ce maka wai ka tashi daga rana.

Mai yiwuwa ba komai ba ne. Mai yiwuwa zafi ne da gajiyar jarrabawa da rashin cin abincin kirki, Allah Ya sa haka ne. Amma ni na taɓa cewa ba komai ba ne, na kuma ga abin da ya biyo baya. Don haka kafin ka san hanyar kasuwa a garin nan, ka san hanyar asibiti. A auna jininka a duba suga, a kuma duba idon, ka gaya musu tarihinsa da na mahaifinka, kada ka ɓoye komai don kada a ce sabon ma'aikaci ya zo da ciwo. Lemon kwalba ka bar shi daga yau, shayi kuma ka sha shi da ɗacinsa, ba a mutuwa. Abin da likita ya ce, mai daɗi ko marar daɗi, ka rubuto mini ka ba direban nan na Kusfa da ya kai ka, ni zan karanta da kaina.

In watan nan ya mutu ban ga takardarka ba, wallahi tallahi zan ɗora tukunyata a ka in shiga mota. Zan zo har ofishin naku, in tsaya gaban manyanka, in kira sunanka na yanka da ƙarfi, in ce ni na haife ka, in kama hannunka mu tafi asibiti. Duk Kwarbai su ce Inna ta tsufa ta zubar da kunya, na yarda. Na yi kunya a wancan karon, kai ka biya da ido. Wannan karon ba zan yi ba.

Rabi da sauran ƙannenka suna gaishe ka, haka ma mutanen gida gaba ɗaya. Allah Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya tsare ka a kan bene da ƙarƙashinsa. Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sa albarka a abin da za ka ci da abin da za ka zana, Ya dawo mana da kai lafiya. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Ka kula mini da idon nan, ɗana, da shi kaɗai kake ganina.

Wassalam.
Ni ce mahaifiyarka,
Inna.